Malam Ba-Wuya da Tasa'in da Tara

A sashenmu na nazarin halayyar ɗan Adam ba mai kiransa da sunan yanka. Ba-Wuya muke ce masa, a bayan idonsa dai, domin duk abin da aka ambata a gabansa, daga gyaran fanka har tiyatar ƙwaƙwalwa, sai ya taɓe baki ya ce, "Ai wannan ba wuya." Ni ce mai buga takardun sashen. Shekara goma sha bakwai teburina na kallon ƙofar ofishinsa, don haka na san iyakar gwanintarsa: kurɓar shayi da ƙara, da katse mutane in suna magana.

Ya zo mana yana saurayi mai tsinin takalmi. Ya yi aure, ya ajiye tumbi, ya yi furfura, bai taɓa lissafa sakamakon bincikensa da kansa ba. Sai ya raba takardun tambayoyi a cike masa, ya jibge min in shigar a kwamfuta, sannan ya kai wa wani abokinsa a sashen lissafi ya fitar masa da alƙaluma. Abokin na yin ritaya, sai sabuwar shugabar sashe ta ce kowane malami ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni, ya riƙa nazarin bayanansa da hannunsa.

Aka buɗe aji na mako shida a ɗakin kwamfutoci, inda rabin kujerun ba su da majingina. Na roƙa aka bar ni ina zama a baya. Ranar farko Ba-Wuya ya kame a gaba, ya yi wa mai koyarwa gyara sau uku, duk a karkace. Rana ta biyu ya tsallake harafi ɗaya, kwamfuta ta watso masa jan rubutu, ya ce na'urar ce ta tsufa. Bai sake leƙo ajin ba. Ya samo umarnin da wani ya rubuta, ya kwafe tas, ya canja masa suna.

A lokacin yana bincike kan damuwa a tsakanin direbobin manyan motoci. Mutum ɗari uku, kowace tambaya ana amsa ta daga ɗaya zuwa biyar. Duk inda direba ya bar tambaya ba amsa, na sa tasa'in da tara, kamar yadda aka saba. Na je na same shi.

"Ranka ya daɗe, sai fa an gaya wa kwamfutar tasa'in da tara ba amsa ba ce, gurbi ne kawai."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Baiwar Allah, ke dai buga abin da aka ba ki. Kimiyya ki bar wa masu ita."

To, na bar musu.

Ranar gabatar da sakamako ya ci kwalliya, turare har bakin matakala. Ya tsaya gaban malamai ya ce ya gano abin da duniya ba ta taɓa gani ba: matsakaicin damuwar direbobi ya kai goma sha ɗaya da ɗigo huɗu.

Shugaba ta cire tabarau. "Malam, ma'aunin naka ba a biyar ya tsaya ba?"

"Abin da ke nuna miki tsananin matsalar ke nan," in ji shi, yana buga tebur.

Wani dattijon farfesa ya yi dariya har ya ƙware. Shugaba ta waiwayo inda nake rubuta bayanin taro, ta ce ko zan duba. Layi ɗaya na ƙara a umarninsa, na ce wa kwamfutar ta tsallake tasa'in da tara. Lissafi ya dawo biyu da ɗigo takwas. Ashe direbobin lafiyarsu lau, damuwarsu irin ta kowa ce.

Washegari ya kai ƙarata, wai na dasa masa lambobi don in kunyata shi. Shafi biyu da rubutun hannu, kuma tunda ba wata mai buga takardu sai ni, ni na buga ƙarar, har na gyara masa kurakurai tara. Shugaba ta karanta, ta jefa a aljihun tebur.

Yanzu malamai huɗu ni ke duba musu umarninsu kafin su fitar da sakamako. Shi kuwa tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba. Bara aka naɗa shi shugaban kwamitin tantance ingancin bincike, saboda ya fi sauran malamai daɗewa a sashen. A watan jiya ya mayar wa wata malama aikinta na shekara biyu ba tare da ya buɗe shafi na biyu ba, wai launin bangon bai kwanta masa ba.