Ƙwaryar da Inna ta Manta a Bayan Tsamiya

Haƙorana sun zube, sunayen jikokina ma sai in yi ta cakuɗa su, amma ranar gayyar da aka yi a gonar Baffana ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuwa ina budurwa, ina kai tallan nono Kiru daga rugarmu da ke kusa da Dangora.

A ƙofar ɗakin shan magani nake sauke ƙwaryata, don can ake ciniki. Malamin asibitin yana da wata farar ƙwaya, asfirin, da yake bai wa masu ciwon baya da gaɓoɓi. Duk wanda ya ba sai ya ja masa kunne kada ya haɗiye ta ciki ba komai, ya fara shan fura ko nono, in ba haka ba za ta ƙwaƙule masa ciki. Na ji maganar nan har na haddace ta.

Mai nemana a lokacin wani dogo ne siriri daga Ƙafin Maiyaki. Ina sonsa ƙwarai, yanzu kuma wa zan ji wa kunya? Baffa ne bai gamsu ba. Cewa ya yi wannan ai iska ma sai ta kayar da shi, da me zai ciyar da iyali? Ba za a sa rana ba sai ya kawo gayya an ga yadda yake riƙe garma. Ana gab da ranar, mutumin ya ɗaga buhun dawa, bayansa ya riƙe. Da idona na gan shi ya fito daga ɗakin shan magani a ranƙwafe, da ƙwayoyi ƙulle a takarda. Yana hango ni ya miƙe zumbur, ya wuce kamar ba shi ba.

Ranar gayya ya iso da samarin unguwarsu da makaɗi tun da sassafe. Da hantsi ni da Inna muka kai fura gona. Kowa ya ajiye garma ya ja ludayi, ban da shi. Kun dai san al'ada, mai neman aure ba ya cin abinci a gaban surukai ko da yunwa za ta kashe shi. Ya koma gefe, na ga ya kwance takardar nan, ya watsa ƙwaya a baki, ya kora da ruwa. Ashe ko karyawa bai yi ba, zumuɗi ya hana shi.

Ciwon bayan dai ya saki, ya shige gaba a huɗa, makaɗi yana wasa shi. Can sai na ga yana tsayawa yana dafe ciki, fuska ta yamutse. Waɗanda ya bari a baya suka cim masa. Baffa yana zaune kan kututture, ya fara girgiza kai. Wallahi ji na yi kamar in fashe da kuka. Ba halin in yi masa magana a gaban iyayena, balle in miƙa masa ƙwarya.

Na matsa na raɗa wa Inna abin da malamin asibiti yake faɗa. Ta harare ni, ta ce ashe har abin da ke cikinsa na sani. Ita ma suruka ce, ba za ta kira shi ba. Sai ta ɗauki kindirmon da ta ajiye wa Baffa, ta zagaya bayan wata tsamiya a bakin gona ta dire shi, ta dawo tana magana da ƙarfi, ita da ba a san ta da ɗaga murya ba.

"Na manta ƙwaryata a bayan tsamiya, kuma ƙafata ba za ta iya komawa ba. Duk wanda ya tsinta, na yafe masa abin da ke ciki."

Ta juya wa tsamiyar baya, ta shiga nuna wa Baffa wata saniya can nesa, wai tana ɗingishi. Saniya lafiyarta lau! Baffa ya ƙura wa saniyar ido kamar gaske. Makaɗi ya gane, ya ƙara wa ganga wuta, samari suka duƙa ba mai ɗaga kai. Mai nemana kuwa ya ce zai zagaya, ya bi bayan tsamiya.

Ya ɗan jima, sannan ya dawo da farin kindirmo a gashin baki. Ba wanda ya ce ya gani. Cikin ya lafa, ya kama garma, kafin azahar an gama gonar, kuma shi ya fara kai ƙarshe.

Da yamma na jiyo Baffa yana ce wa Inna, "Yaron nan zai yi. Ga noma, ga kunya. Amma kindirmona ya shanye, a kawo mini wani."

Aka ɗaura mana aure, har muka tsufa tare da shi. Duk sanda zai sha ƙwaya sai in dire masa nono in juya baya, in ce na manta ƙwaryata. Bai taɓa fasa dariya ba, har Allah ya karɓi abinsa. Ƙwayar ciwo dai har yau ba na barin kowa ya sha ta ciki ba komai. Babban abin da Inna ta koya mini ranar kuwa shi ne, in wanda kake so ba zai iya roƙo ba, ajiye masa inda zai tsinta, ka kau da kai.