Wasiƙun Jirgi a Akwatin Kakana

Yatsana na kan harshena tsohon ya katse maganarsa. Ya dubi yatsan, ya dubi farar ƙurar da ta kwanta a kan ambulan da ke cinyata, sannan ya tambaye ni a wane ɗaki aka ajiye akwatin nan duk tsawon shekarun nan. Ban ko buɗe baki ba na ji gabana ya faɗi, domin na san ɗakin. Amma daɗin tafiyar ya fi tsoronta yawa, saboda haka bari in ɗauko muku ita tun daga tasha.

Mun tashi da asuba daga Anka, ni da gwaggona, a wata ƙaramar bas da aka yi wa lodi har rufinta ya lotsa. Yargalma muka nufa, garinmu na asali, don mu ɗauko gadon da kakana ya bar mini. Shi marigayin a gidan waya na Gummi ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma yana da wata tsurfa: tara ambulan. Ba kowace iri ba, sai waɗanda jirgin sama ya ɗauka ranar da ya fara bin sabuwar hanya. Da idonsa ya yi rauni, ni ce mai karanta masa adireshin in mun je hutu, shi ya sa ya ce in ya mutu a ba amaryarsa, wato ni, akwatin. To, ga baffana ya aiko cewa damina ta ci rufin ɗakin, in ina son takarduna in zo kafin su zama kunu.

Hanyar ta yi kore shar, dawa ta fid da kai, gero ya sunkuya. Direbanmu ba ya son tsayawa inda babu gari, kuma babu wanda ya tambaye shi dalili, kowa ya sani. Wata tsohuwa a bayanmu tana riƙe da zabi uku, duk ramin da muka faɗa sai su yi kuka, har wani ya ce su ne masu ƙirga mana ramuka. Mun tarar da Bukkuyum ranar kasuwa. Muka sha fura mai sanyi wajen wata Bafillatana, na ci ƙosai har gwaggo ta fara harara ta. Ita kuwa ta tsaya ciniki da 'yan kabu-kabu kamar za ta sayi baburan ne gaba ɗaya, har suka rage mana don su huta.

A Yargalma baffa ya jawo mana akwatin daga ƙuryar ɗakin baya. Na ƙarfe ne, ya yi tsatsa. Da na buɗe sai ga ambulan ɗaure-ɗaure da zare, farar ƙura ta rufe su. Na hure, na yi atishawa, muka yi dariya. Ba mu daɗe ba muka komo Bukkuyum muka shiga motar Gummi, inda wani tsohon abokin aikin kakana yake, wanda aka ce shi kaɗai ke da littafin da ke fassara waɗannan takardu. Duk tsawon hanya ina zumuɗi, ina raba waɗanda suka manne da juna. Kun san ɗabi'ar 'yan makaranta, sai an lashi yatsa ake buɗe shafi. Haka na yi ta yi har muka shiga gari.

Tsohon ya tarbe mu a zaure da murna. "Amaryar abokina ta, ta zaka biɗar gado!" in ji shi. Sai da muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, irin kifin gulbin nan mai maiƙo, sannan ya fito da littafin. Katalog suke ce masa, ƙato ne, da Turanci, bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi.

Da farko ban ga komai a ciki ba sai lambobi kamar sakamakon jarrabawa. Ya sa farce ya bi da ni layi guda a hankali. Ga lambar da aka ba tafiyar, ga garin da jirgi ya tashi da wanda ya sauka, ga rana, ga launin tambarin da aka buga don tunawa da tashin farko. In an ga ɗan ƙaramin harafi a gefen lambar, tafiya ɗaya ce amma wani abu ya bambanta, ko launin tawada ko garin da aka sauke wasiƙar a hanya. A ƙarshe sai farashi.

Na ɗauko wadda ta fi burge ni, mai babban hoton jirgi da kan sarki huɗu, na miƙa masa ina taƙama. Bai ko kalli hoton ba, ya juya bayanta. Babu komai.

"Kin gani? Tashi kowa na iya tashi," ya ce. "Sai gidan wayar da tas sauka ya buga hatimi nai ga baya, sannan mu yarda ta isa. Wagga ado ta kawai."

Wadda ya yi ta juyawa yana murmushi wata 'yar mummuna ce, ta yi ja-ja, daga Kano zuwa Legas, tambarinta shunayya, hatimin sauka raɗau a bayanta. Ni da kaina na nemo layinta, na ga ɗan harafin, na ga an rubuta launin daidai. Amma wajen farashi sai ɗan layi a kwance, babu lamba. Na ce wato ba ta da daraja ke nan. Ya yi dariya har da tari, ya ce a'a, masu littafin ne ba su ga an sayar da irinta ba balle su yanka mata kuɗi. Gwaggo ta gyara zama ta ce, "To mu je Makka ke nan?" Ya ce ta bi a hankali, littafin ma ya girme ni. Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na wannan sa'a ba. Sai na ga kamar kakana na zaune a gefe yana saurare.

A nan ne na kai yatsa baki zan ɗauko ambulan ta gaba, ya yi mini waccan tambaya.

Ɗakin bayan nan, a cikinsa ake niƙa dutsen zinari shekarar da gubar dalma ta shiga garinmu. Ina ƙarama lokacin, amma na san a shekarar muka binne ƙanwata, muka kuma taso Anka. An zo an kwashe ƙasar gidajen daga baya, amma wa ya buɗe akwati ya share? Ga shi na shaƙa, na lasa tun hantsi. Kuma ina da juna biyu, wata huɗu, na fari, wanda ko gwaggo ban iya gaya wa da bakina ba. Ashe ta sani. Ita ce ta fara salati.

Da na gaya masa, tsohon bai ɓoye mini haɗarin ba, bai kuma ƙara mini tsoro ba. Ya sa aka kawo ruwa da sabulu, na wanke hannu, na kurkure baki, aka naɗe akwatin a buhu. Ya ce in je asibiti a Anka a auna jinina, can sun san aikin. La'asar ta wuce, ba mai kama hanya a wannan lokaci, dole muka kwana wajen iyalinsa.

Da safe muka juyo. Hanyar jiya ce, gonakin jiya, amma ban ga komai ba, hannuna na kan cikina. Muna shiga gida na faɗa jikin Inna, mahaifiyata, ina kuka, gwaggo na ba ta labari. Inna ta kwance buhun, ta dangwali ƙurar, ta murza, ta shinshina.

"Ke, toka ta! Ni niz zuba ta da hannuna, ranar sadakar arba'in ɗin tsoho. Ba haka muka yi ma wake ba don ƙwari? Nic ce takarda ma gara na cin ta."

Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana share hawaye. "Kin aje wasiƙun Turawa kamar waken rumbu!"

Ni ban iya dariyar ba tukuna. Toka ce a sama, na yarda, amma akwatin ya riga tokar kwana a ɗakin nan. Inna ma da ta tuna, sai ta ɗauki mayafinta.

A asibiti aka soki yatsana, shi dai wannan mai laifin, aka ce mu jira. Ina kan benci tsakanin Inna da gwaggo na yi ta tunanin abin da na ƙaru da shi. Na koyi karanta layin katalog, na koyi juya ambulan kafin in yabi fuskarta, na kuma yi alkawarin cewa in Allah ya fisshe ni, tsohuwar takarda da bakina sun rabu har abada.

Wajen sha ɗaya da rabi ma'aikaciyar jinya ta kira ni. Ta duba takardar, ta dube ni, ta ce jinina ba shi da abin tsoro, ni da abin da ke cikina mu je gida mu ci abinci. Na ce ta sake faɗi. Ta sake. Sannan ta juya katina ta buga masa hatimi a baya, ta miƙo mini. Na tsaya ina kallon tawadar tun ba ta bushe ba, ina tuna hatimin sauka na bayan ambulan, sai da Inna ta ja hannuna ta ce, "Taho mu tahi, kin isa."