Dama da Wuƙa, Hagu da Kyamara

Duk layin ba wanda bai san Kawu Mai Burodi ba, amma akasarin mutane hannuwansa suka fi sani a kan fuskarsa, domin ta 'yar tagar gidan burodin hannu kawai ke leƙowa ya miƙo leda. Manyan hannuwa ne, farare fat da fulawa har gwiwa. Tun yana saurayi ya shiga sana'ar, da ɗaukar buhu ya fara, aka matsar da shi wanke gwangwanaye, daga nan ya hau teburin kwaɓi, bai kuma sake sauka ba. Ko bayan da ya buɗe nasa wurin tare da ƙanensa, wanda kowa ke kira Auta ko da yake ya yi furfura, Kawu bai yarda wani ya taɓa masa kwaɓi ba. Auta na wajen tanda da lissafi, shi yana kan tebur.

Ciwon da wasa ya fara. Babban yatsa da na kusa da shi guda biyu su riƙa yi masa minjirya, sai ya yarfa hannun kamar mai kakkaɓe ruwa, abin ya lafa. A hankali yarfawar ta daina aiki. Maɓallin riga ya gagare shi. Ran da tire ɗin burodi mai zafi ya suɓuce masa ya tarwatse a ƙasa, sai ya ce ai tiren ne ke da maiƙo.

Maiɗakinsa ba ta yi masa gardama ba. Da ya dawo gida ta miƙa masa allura da zare ta ce, "Baban yara, zura mini, idona ya yi rauni."

Ya yi ta fama, allurar ma bai ji ta a yatsunsa ba har ta faɗi cikin kujera.

Ta ce, "To, ita ma maiƙo gare ta? Gobe asibiti."

Likitar da ta duba shi mace ce mai yawan dariya. Ta ƙwanƙwasa masa wuyan hannu, ya ji abu ya tsarga har ƙarshen yatsu kamar wutar lantarki. Bayan gwaji ta zana masa hoto a takarda. Ta ce a wuyan hannu akwai wata 'yar hanya matsattsiya da jijiya ke bi ta shiga yatsu, saman hanyar kuma wani tantani mai kauri ne ya rufe ta. Wurin ya matse, jijiyar ta rasa sararin numfashi, a hannu biyun duka. Aka fara da abin ɗaure wuyan hannu, aka yi allura, ya ɗan ji sauƙi na wani lokaci, ciwon ya dawo. Sai ta ce saura aiki.

"Aikin ɗaya ne, Baba, a yanke tantanin nan jijiya ta sarara. Hanyar shiga ce biyu. Ko in tsaga tafin hannu in ga komai da idona, ko in yi 'yar kafa a wuyan hannu in zura siririyar kyamara, in yanka daga ciki ina kallo a allo."

"Wanne ya fi?"

"In an daɗe, kusan duk ɗaya suke. Mai kyamara dai yawanci tafin hannu bai cika ciwo ba a farko, mutum kan ɗan riga komawa aiki."

Kawu ya girgiza kai. "Ni ba za a ɗauki hoton cikina ba. Ki buɗe ki gani da idonki, kamar yadda nake buɗe tanda in duba."

Aka fara da dama. Bai ma yi barci ba, hannun kawai aka kashe, aka sa labule tsakaninsa da shi. Yana kwance yana yi wa nas bayanin abin da ke sa burodinta na gida ya ƙi tashi, sai ya ji an ce an gama. Ya fito da bandeji kamar ƙullin kwaɓi, aka ce ya riƙa ɗaga hannun sama, ya riƙa motsa yatsu, kada ya jiƙa ɗinkin.

Minjiryar ta tafi da wuri, har ya yi mamaki. Amma zaman gida ya fi masa ciwon wuya. Cin abinci da hagu ya zama abin kallo, rabi a baki rabi a riga. Maiɗakin tasa ta karɓi cokalin tana ba shi, tana cewa, "Buɗe baki, yaron kirki." Ya haɗe rai, ya kuma buɗe.

Da zaman ya ishe shi sai ya sa aka ajiye masa kujera a gidan burodin, kusa da teburin kwaɓi, inda Auta ke ta gumi.

"Ba haka ba! Da gindin tafi za ka danna, ka tura, ka naɗo. Kai kamar mai wanki!"

"Yaya, ko dai ka koma gida ka huta?"

"In huta in bar ka kana kashe mini suna? Jiya an ce wata ta jefi kare da burodinka, karen ya yi ɗingishi."

Auta ya yi dariya har ya zauna a kan buhu. Amma abin da Kawu bai taɓa yi ba a rayuwarsa, wato faɗin yadda ake kwaɓi da baki, dole ta sa ya koya. Ya gano bai ma san yadda yake yi ba sai da ya zauna yana kallon wani. Sannu a hankali burodin Auta ya fara laushi, Kawu ya gutsura ya tauna ya ce, "Ba laifi," wanda a bakinsa babbar lambar yabo ce.

An cire zare, tabon ya warke, sai dai duk sanda ya danna gindin tafin a kan tebur sai ya ji zafi a gefe da gefen tabon. Ga mai kwaɓi kuwa nan ne wurin aiki. Likita ta ce hakan na faruwa, ya riƙa murza wurin da mai, ya yi haƙuri. Ya yi haƙurin yana mita, har zafin ya gushe bayan 'yan watanni.

Da lokacin hagu ya zo, shi da kansa ya ce, "Likita, wannan karon kawo kyamarar taki. Na gaji da lallashin tabo."

A ɗakin tiyata ya ce lallai sai an juyo masa allon ya ga cikin hannunsa, ai shi ba matsoraci ba ne. Aka juyo. Ya ga wani farin abu shimfiɗe kamar kwaɓin da aka ja, ga wata 'yar wuƙa ta ɗago kai tana nufarsa.

"Nas," ya ce a hankali, "mayar da talabijin ɗin nan inda yake."

Wannan karon 'yar filasta ce kawai a wuyan hannu da bandeji mara nauyi. Tafin bai dame shi sosai ba. Nan fa Kawu ya ga ai ya warke. Likita ta ce kada ya ɗauki abu mai nauyi tukuna, shi kuwa mako bai cika ba ya faki idon Auta ya ja buhun fulawa, ya kuma taɓa kwaɓi kaɗan don ya ji ko hannun na nan. Kafin yamma wuyan hannun ya kumbura ya yi suntum.

Maiɗakinsa ta tasa shi gaba har asibiti. Likita ta duba, ta ga ba abin da ya lalace, sannan ta cire tabarau ta dube shi.

"Baba, ƙofar ce ƙarama. Abin da na yanka a ciki daidai yake da na dama. Hannun bai san da kyamara aka shiga ba."

"Buhun ne ya zo faɗuwa, na tare."

"Akwai fulawa a ƙarƙashin farcenka."

Maiɗakin ta ce, "Faɗa masa dai, 'yata. Ni na faɗa har muryata ta dishe."

Aka mayar da shi kujera. Duk da wannan ɓarnar, hagun ta riga dama komawa aiki, amma ba da nisan da ya yi tsammani ba. Da shekara ta zagayo, in ya rufe ido ya matse kwaɓi, ba ya iya bambance wadda aka tsaga da wadda aka zura wa kyamara. Yatsu sun dawo suna jin ɗumi da laushi, har yakan san ruwa ya yi yawa tun kafin ya duba. Sai dai bai karɓe teburin duka ba. Suka raba da Auta, shi safe, Auta rana, suka kuma sayo injin da ke yin juyin farko, abin da Kawu ya yi shekara da shekaru yana cewa sai bayan ransa.

Daga nan ya zama likitan layi ba da takarda ba. Duk wanda yatsa ya yi wa minjirya sai a ce ya je wurin Kawu. Wata tela da ke ƙarshen layin, wadda almakashi ya fara faɗuwa daga hannunta, ta zo da mijinta suna tambayar wanne za ta zaɓa. Kawu ya goge hannuwansa a rigar aikinsa, ya shimfiɗa su a kan tebur. A tafin dama ga wani siririn layi da ya saje da zanen hannu, a wuyan hagu kuwa sai da telar ta sunkuya kafin ta ga ɗigon.

"Wannan ta fi ba ni wahala da fari," ya ce yana ɗaga dama. "Wannan kuma ni na ba ta wahala. Yanzu duk ga su nan. Ki tambayi likitanki wane irin aikin ne hannunsa ya fi sabawa da shi, ki bi wannan. Kada kuma ki zauna jira har naman gindin babban yatsa ya zube, ni saura kaɗan."

Likitanta ya fi sabawa da tsagawa, ita aka yi mata. Da aka sallamo ta Kawu ya je dubiya da burodi mai zafi guda biyu. Ya tarar da mijin, wani dogon direba, tsaye a tsakar gida yana kokawa da ɗankwalinta, ya ɗaura ya zame, ya sake ɗaurawa ya rufe mata ido ɗaya.

Kawu ya ajiye ledar, ya jawo kujera ya zauna, ya gyara murya.

"Ba haka ba, direba. Sassauta, ba taya kake ɗaurewa ba. Kama wancan bakin, zagayo da shi ta baya."

Telar ta ɗaga hannunta mai bandeji sama kamar yadda aka ce ta riƙa yi, tana dariya har da hawaye, ta ce wa mijin ya bari haka nan, ya je ya ɗora ruwan shayi kafin burodin ya huce.