Baba Lamba da Hasken Matakala

Kullum ƙarfe tara na safe, kafin a share zauren wasan kwaikwayo, yakan hau ɗan ɗakin da ke bayan kujerun 'yan kallo, ya yaye ƙyallen da ya rufe teburin sarrafa fitilu, ya kunna. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haka. 'Yan wasa na kiransa Baba Lamba, don ko gaishe shi ka yi sai lamba ta shigo maganar.

"Ina kwana, Baba?"

"Lafiya lau. Yau ki tsaya daidai in an zo lamba goma sha bakwai, jiya duhu ya cinye rabin fuskarki."

Aikinsa ajiya ne. Kowane sashe na wasa yakan daidaita masa fitilu ɗaya bayan ɗaya, wannan ta yi ƙarfi, waccan ta dushe, sannan ya ba shi lamba, teburin ya riƙe. Lambar na ɗauke da ƙarfin kowace fitila da daƙiƙun da haske zai ɗauka kafin ya sauya. Ranar wasa maɓalli ɗaya zai riƙa dannawa, teburin na dawo da ajiyar bi da bi. Da yake ƙaramin batirin da ke tsare ta yana iya mutuwa ba sallama, kullum sai ya kwafe komai a littafi.

Shekara uku da suka wuce, idon Gwaggo, wadda ta fi kowa daɗewa a dandamalin, ya fara rauni. Sau biyu tana tuntuɓe a matakala wajen gwaji, daidai lokacin da haske ke dushewa. Darakta ya soma maganar a ba wata matsayinta. Baba Lamba ya sauko ya same ta zaune ita kaɗai.

"Yaya, matakalar ce ba kya gani, ko bakin dandamalin?"

Ta ce, "Duka biyun. Ka rufa mini asiri. In na bar nan, ban san inda zan sa kaina ba."

Ya koma sama. Tsakanin lamba arba'in da ɗaya da arba'in da biyu ya cusa sabuwa, arba'in da ɗaya da rabi: fitila guda mai rauni a kan matakala, ta yi daƙiƙa shida har Gwaggo ta sauka, sannan fitilar ta mutu. 'Yan kallo ba su lura ba, darakta ma haka. Duk wasan da ta shiga bayan nan sai da ya yi mata irin wannan rabin, kuma ba ta sake tuntuɓe ba.

Makon jiya, da yake miƙa teburin ga matar da za ta gaje shi, ta tambayi amfanin lambobin nan masu rabi. Ya fara kame-kame. Gwaggo ce ta miƙe a gaban kowa ta ce, "Ƙafafuna ne, 'yata. Kar ki goge su."

Baba Lamba, kai ne ba a taɓa haska ka ba, kai ne kuma tafi bai taɓa juyowa wajenka ba. Teburin ya riƙe ƙarfin fitila, kai ka riƙe mutuncin mutum.

Mun gode, Allah ya ba ka hutu da lafiya. Mu kuma da muka rage, kowa ya duba wurin aikinsa. Da wuya a rasa wanda ke laluben matakala a duhu, yana jin nauyin faɗa.