Gyaɗar Iri

Shekarar da zan yi jarrabawar bak, ta kammala sakandare, na zo gida Gangara hutun bazara da gwangwanin yajina fayau. A Damagaram gidan wani abokin Baba nake zaune, ana haɗa mu kwano ɗaya da 'ya'yan gidan. Ni kuwa ban iya miƙa hannu tsakiyar kwano inda miya take ba. Gefe nake ci, in koma ɗaki in jiƙa garin rogo in barbaɗa yajin gyaɗa. Kaka, mahaifiyar Baba, ita kaɗai na taɓa faɗa wa haka.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Gyaɗar ci ta ƙare tun cikin sanyi, sai buhun iri da ke rataye a ɗakin Baba, kuma a gidanmu ba a taɓa iri.

"Mijin nawa zai koma da gwangwani wofi?" in ji Kaka. "Dube shi, wuya kamar na zalɓe."

"Inna, iri ne," Baba ya ce. "In an soya shi, me zan sa a ƙasa?"

Bai dube ni ba. Ni ne ɗan fari, ko sunana bai taɓa kira ba.

Kaka ta ce to, tunda dai dole a ɓare irin kafin ruwa ya sauka, a ɓare shi yanzu. Ƙwayar da ta fashe ko ta motse ba ta tsira, wannan rabonta ne. Baba ya yarda.

Muka zauna a inuwar zaure da hantsi. Baba na ɓarewa yana zubawa a faifai, ni ina tsincewa, don an san ni da bin abu a hankali: mai kyau a ƙwarya, fasasshiya a ɗan akushi. Na riƙe gaskiya ƙwarai. Ko wadda fatarta ta ɗan kwaye, in dai ba ta rabu biyu ba, ƙwarya nake sa ta. Har rana ta take, gindin akushin bai rufu ba.

"Wannan miji da rowa yake," Kaka ta ce. "Kansa ma yake yi wa."

Bayan azahar sai fasassun suka fara yawa. Na ɗauka ƙasan buhu ne ya fi bushewa, har na ɗaga ido. Baba ya fitar da ƙwaya lafiyayya daga kwanso, ya matse ta tsakanin yatsu har ta rabu, ya sake ta a faifai. Fuskarsa na kallon ƙofa. Ya ɗauki wata.

Na so in yi magana. Na san kowace ƙwaya rami ce a gona. Amma in na nuna na gani, dole ya daina, kuma kunyar ta kama mu duka. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsinta.

Da la'asar Kaka ta soya gyaɗar cikin rairayi mai zafi, ta murje fatar ta bushe ta. Ta fara daka barkono da citta da kanumfari da gishiri su kaɗai, sannan ta zuba gyaɗar tana saukar da taɓarya a hankali, don in an matsa mata mai take fitarwa ta dunƙule. Ta tankaɗe, ta cika gwangwanin har murfi na ƙin rufuwa.

Yajin ya kai ni ranar ƙarshe ta jarrabawa. Da na dawo, damina ta zauna, na bi Baba gona. Kunyoyin gyaɗa sun tafi kore shar, sai can kusurwar gabas suka yanke, aka bar fili ba komai sai ciyawa. Na tsaya a wurin.

"Irin bana duk fasasshe ne," Baba ya ce, yana kallon wani wuri. Ya miƙo mini fartanya.