Tanti Balaraba Mai Wainar Williamsville

Duk yaron da ya tashi a Williamsville, unguwar da ke cikin Adjamé, a shekarun 1990 ya san Tanti Balaraba. Daga Tawa ta ƙasar Nijar aka zo da ita Abidjan tana ƙarama, a Adjamé ta girma, a nan ta auri Harouna mai sayar da albasa a babbar kasuwa. Tandarta tana ƙofar gidan hayarsu, daidai hanyar da yara ke bi zuwa lakwal, wato makaranta. 'Ya'yan Hausawa, na Jula, na Baule, na Mosi, kowa sai ya tsaya. Julanci a bakinta kamar da shi aka haife ta, Faransancinta kuwa na kasuwa ne, amma ya ishe ta faɗa. In ta ga yaro yana laɓe-laɓe bayan an kaɗa ƙararrawa, da cokalin juya waina take raka shi har bakin makaranta.

Harouna ya rasu yara ba su gama tasowa ba. Da wannan tanda ta riƙe gidan. Manyan suka watse, wani Yamai, wata Bouaké, aka bar ta da autarta Nuriyya, wadda ta yi karatu ta samu aiki a wani kantin magani a Treichville.

A 2009 ne wata abokiyar aiki ta saka Nuriyya cikin wani zaure na intanet, inda yaran unguwar da suka bazu duniya ke taruwa suna tuna baya. Hira ce ta yau da kullum: ambaliyar damina, ƙwallo a kan layi, direban woro-woro, tasin haɗaka, da ba ya tashi sai ya gama jin labarai a rediyo. Rannan wani Sa'ad da ke zaune a Lyon ya rubuta: "Wa ya tuna wainar Tanti Balaraba? Tana raye kuwa?"

Kafin Nuriyya ta tashi aiki, amsoshi sun cika shafi.

Ranar Lahadi ta ja mahaifiyarta zuwa sibar ɗin bakin titi, inda ake hayar kwamfuta. Balaraba ta ci ado kamar mai zuwa biki, ta zauna tana harare-hararen allon.

"Auta, mutanen suna ganina?"

"A'a Inna, rubutu ne kawai. Ki saurara, in fassara miki."

Nuriyya ta fi ƙarfi a Faransanci, Hausarta sai da ɗingishi, amma ta daure. Wani Zakari ya ce Tanti ta taɓa kora shi lakwal da cokali, yau ga shi malamin lissafi.

"Zakarin gidan kafinta? Malami?" Balaraba ta tafa hannu. "Ikon Allah! Yaron da ko takalminsa ba ya iya ganewa."

Sai aka zo kan wata Jannatu, mai aure a Grand-Bassam. Ta rubuta cewa shekarar da mahaifiyarta ta daɗe kwance a asibiti, kanta ya cukurkuɗe har yara na yi mata dariya. Tanti ta kira ta bayan an tashi daga suya, ta wanke mata kai, ta yi mata kitso, kuma ba ta fasa ba sai da aka sallamo uwar. "Ban taɓa yi mata godiya ba," in ji Jannatu. "Wanda ya san inda take, ya isar mini."

Balaraba ta goge ido da gefen mayafi.

"Ni fa gashin ne ya dame ni," ta ce. "Yarinya mai gashi haka a bar shi ya lalace? Rubuta mata ki ce ina nan, ban mutu ba, gwiwa ce kawai."

Daga nan Lahadi ta zama ranar sibar. Balaraba ta riƙa gyara musu tarihi: wane ba a layin masallaci ya faɗa kwata ba, a bayan gidan burodi ne.

A watan Maris na 2011 rikicin bayan zaɓe ya iso unguwarsu. Harbi ya ƙi ƙarewa, kasuwa ta rufe, maƙwabta suka fara ɗaure kaya. Zauren ya daina hirar ƙwallo, ya koma wurin tambayar wa ke ina, wa aka ji muryarsa. Wata safiya da aka samu sauƙi Nuriyya ta lallaɓa wurin aiki, ta buɗe kwamfutar kantin, ta tarar da saƙon Jannatu, da lambar wayarta a ƙasa: "Ki kawo mini Tanti. Ɗaki yana nan."

Balaraba ta ce ba inda za ta. "Gidan mutane, Auta? Yarinyar da rabona da ita tun tana firamare?"

Nuriyya ta buga lambar ta miƙa mata wayar.

"Tanti, yako, sannu da wahala," in ji Jannatu. "In ba ki zo ba, ni zan taho Adjamé da goyona, kin ga sai ki ɗauki alhakinmu."

"Ke, kar ki soma! Ga ni nan."

Washegari suka fito da jaka ɗaya. Shinge bayan shinge suka wuce, Balaraba na jan carbi, har suka haye gada zuwa Treichville. Tashar mota ta Gare de Bassam ta cika maƙil, mata da yara da katifu a ka. Jannatu ta riga ta yi magana da wani direba maƙwabcinta, shi ya nemo su cikin taron yana kiran "Tanti mai waina!" har kunya ta kama Balaraba.

A Bassam Jannatu ta durƙusa har ƙasa, sannan ta rungume ta tana kuka. Mijinta masunci ne, mutumin bakin teku mai ƙarancin magana. Ya kwashe kayansa daga ɗakin da ya fi iska ya ba baƙi. Nan suka zauna har harbi ya lafa. Da Nuriyya ta sanar a zaure cewa Tanti ta tsira, Sa'ad ya ce a ranar ya fara cin abinci da daɗi.

Sun koma Williamsville da damina. Gidan yana nan, an dai fasa ƙofa an ɗebi abin da aka ɗeba. Balaraba ta duba, ta ce alhamdu lillahi, rai ya fi. Gwiwa ba ta bar ta ta koma suya ba, sai maƙwabciyarta Saudatu ta karɓi sana'ar.

Da ƙaramar Salla Jannatu ta zo da mijinta da yaranta, da kwandon kifi mai ƙyalli. Balaraba ta tara matan gidan tana nuna su ɗaya-ɗaya.

"Wannan 'yata ce ta Bassam, waɗannan jikokina. Shi kuma surukina, ba ya jin Hausa, amma mutumin kirki ne. Auta, miƙo masa kujerar nan mai kyau, ki hura gawayi kafin kifin ya kwana."