Tsirkiyoyi huɗun da Letsholo ya bari

Da yammacin Alhamis, shida ga watan Maris na 2025, jakunanka biyu suka dawo Shoshong suna jan amalanken da babu kowa a kai. Kafin rana ta faɗi aka same ka a gindin wata bishiya a hanyar rugar shanunka, inda ka fake wa ruwa. Tsawa ce ta faɗo. Letsholo Gabanakgosi, shekara saba'in da ɗaya, mutumin da ban taɓa jin ya ce kansa na ciwo ba. Ƙanen matarka ne ya zo ya gaya min, na ce masa ƙarya yake yi. Har sau uku na faɗa. Na ce ai da safen nan ka tsaya a nan inda yake tsaye, ka sha shayina, ka ce sukari bai ji ba. Yau kwana goma sha biyu ke nan, amma in na ji ƙarar amalanke a hanya sai na ɗaga kai.

Abin da ya kawo ka gidana a safiyar nan shi ne jitarka, cikin baƙin akwatinta. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa wuni a ɗakin wani ba.

"Motsumi, ajiye min wannan. Hadari nake gani, ɗakina na yoyo, uwargida Segametsi kuma ta tafi kasuwar Mahalapye. In ka ga dama ka buɗe, ba ta cizo."

"Allah ya kiyaye in sa hannuna a kan karsana biyu," na ce maka.

Ka yi dariya ka hau amalanke. Ka tsare wa itace ruwa, kai ka shiga cikinsa. Maganar ƙarshe da na yi maka a duniya ke nan, tsohuwar baƙar magana da ta riga ta gaji da kanta.

Tare muka fara kiɗa ni da kai, muna yara a wajen kiwo, da gwangwanin mai da wayar birkin keke. Tare muka je haƙar ma'adinai a ƙasar da ke kudu da mu, tare muka dawo da tari. Kuma tare muka shiga shagon kayan kiɗan nan na Mafikeng a 1991, bayan ka sayar da karsana biyu, mafi kyau a garken da mahaifinka ya bar maka. Sai da ka taɓa jita tara kafin ka zaɓi wannan, ka kara kunnenka a cikinta kamar mai sauraron ɗan tayi. Da ta zama taka, ka zauna nan a kan bencin shagon ka warware tsirkiya biyu ka miƙa wa mai shago, ka ce ya ba wanda ke bukata. Bawan Allah ya riƙe kai, ya ce ka lalata kaya. Bai san mu tsirkiya huɗu muke kaɗawa ba: uku sirara masu waƙa, ɗaya mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashinsu.

A motar dawowa na ce maka ka sayar da abin da ke haihuwa ka sayi abin da gara ke ci. Ka ce, "Saniya shekara goma sha biyar ta tsufa. Wannan ita za ta binne ni." Duk motar ta yi dariya, har da ni. Ban san alkawari kake yi ba.

Daga ranar na kafa hujjata, ban kuma sauka daga kanta ba: hannu ne ke kiɗa, ba itace ba. Da wannan hujja na cinye jita goma sha ɗaya. Wata wuyanta ya lanƙwashe da zafin Oktoba, wata cikinta ya tsage, wata kuwa kafin in gama waƙa ɗaya sautinta ya zame, sai in tsaya ina murɗa kunnuwa mutane na hamma. Taka tana nan, sai ƙara zaƙi take yi. Inda tafin hannunka ke sauka a saman wuyanta ya yi duhu ya yi santsi, gefen da kake buga da gwiwar hannu ya ɗan lotsa. Kullum kana cewa jita mai kyau tana koyon mai ita, ni kuma ina cewa tatsuniyar masu shago ce. Girman kai rawanin tsiya, kuma na daɗe da naɗa nawa.

Ban manta gasar da aka yi a dandalin gari ba, shekarar farin da ya kashe shanu. Ana saura mutum ɗaya a kira ni, gadar da ke riƙe tsirkiyoyin jitata ta ɓalle. Ka taso a gaban jama'a ka miƙo min taka. Na ƙi karɓa. Da aka kira sunanka sai ka ce yatsanka na ciwo, ka koma ka zauna kusa da ni. Akuyar da aka sa don wanda ya ci, wani ɗan Kalamare ne ya tafi da ita. Da na yi maka faɗa a hanya, ka ce, "In babu kai, da wa zan yi?"

Haka kake da kowa. Bikin mai shanu ɗari da bikin wanda ya ari kujeru, lokaci ɗaya kake isa, kwanon tuwon dawa da dakakken nama ya ishe ka lada. Lokacin da matata Gaone ta kwanta ciwon da ya tafi da ita, kowace Lahadi bayan coci kana zuwa ka zauna a bakin tagarta ka kaɗa a hankali. Ita ce ta ce min, "Motsumi, ka daina musu, tasa ta fi taka." Na ce ciwo ne ya taɓa mata kunne.

Akwai abin da duk makaɗin wajenmu ya sani. Kowa da ɗaurin tsirkiyarsa, ba a rubutawa, ba a tambaya. In mutum zai ɗaura sai ya juya wa jama'a baya, ya sunkuya, ya murɗa kunnuwan jitar yadda shi kaɗai ya sani. Naka ɗaurin ya sha bamban da na kowa, shi ya sa ko daga bayan tsauni aka jiyo kiɗa ana cewa Letsholo ne. Da yawa sun gwada sata sun kasa. In makaɗi ya mutu, ɗaurinsa na nan a jikin jitarsa har tsirkiyoyi su saki, daga nan shi ke nan. A irin jitata, wuni guda ya isa.

Kwana biyar akwatin nan na ƙarƙashin gadona, ban iya ko kallonsa ba. Ranar Talata ɗanka Tumisang, malamin makarantar nan na Gaborone, ya aiko aka karɓa. Ranar Laraba da la'asar na je gidanka zaman makoki, mata na ta hidima da tukwane a tsakar gida. Na same shi a inuwar bayan ɗaki, jitar a kan cinyarsa, sababbin tsirkiyoyi shida a takarda kusa da shi, wayarsa a kan gwiwa tana nuna masa yadda ake saita jita a makaranta. Mai kaurin nan ya riga ya sassauta ta, tana lilo.

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya uku, ya daskare.

"Kawu, jitar Baba ba za ta je jana'izarsa da giɓi ba. Gyara ta zan yi."

"Ba giɓi ba ne, ɗana. Muryar ubanka ce kake kwancewa."

Da ya fahimta sai ya ɗauke hannunsa daga kanta. Ba laifinsa ba ne, Letsholo. Naka ne da nawa, mu da muka yi shekara hamsin muna juya wa 'ya'yanmu baya.

Na karɓe ta. Karo na farko ke nan. Na ja yatsa a kan sirara ukun: kwana shida, ga ruwa ga rana, ko kaɗan ba su zame ba. Kai ne sak. Mata suka bar tukwane. Saura mai kauri, wadda babu mai rai da ya san inda take tsayawa. Na fara murɗawa ina saurare, ina tuna tagar Gaone, ina tuna bukukuwan da na zauna ina taɓe baki alhali kunnena na wajenka. Na kai wani wuri na tsaya. Ya yi kama, amma zuciyata ba ta kwanta ba, hawaye kuma sun hana ni ji da kyau.

Sai ga muryar Segametsi daga cikin ɗaki, inda take zaune a kan katifar takaba. Matar da ta yi shekaru tana cewa kiɗanka na hana kajinta ƙwai.

"Baban Lorato," ta kira ni yadda ta saba, "ba nan ba ne. Sassauta kaɗan."

Na sassauta.

"Kaɗan kuma. Tsaya. Nan ne."

Na kaɗa huɗun tare. Can sai muka ji kukan Segametsi, wanda tun ranar Alhamis ya ƙi fitowa.

Da sanyin safiyar Asabar muka kai ka, na kaɗa ta a bakin kabari har aka gama tura ƙasa. Hannuna ne dai na kullum, mai kuskuren da ka sani, amma ba ta bar ni na ji kunya ba, ban tsaya murɗa kunne ko sau ɗaya ba. Ta binne ka kamar yadda ka ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Segametsi, da Tumisang da ƙannensa mata biyu, Boipelo da Kelebetse, da jikokinka, da dangin Gabanakgosi na nan da na Kalamare, da duk wanda ya taɓa rawa a bikin da ka kaɗa. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi da ya zo babu sallama. Kai kuma Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya karɓe ka da irin sakin fuskar da kake karɓar mutane da ita, ya sa ka huta.

Abu biyu zan roƙe ka. Na farko, jiya na zaunar da Tumisang da babbar 'yarsa, na nuna musu ɗaurinka tsirkiya bayan tsirkiya, fuska da fuska, ban juya baya ba. Ka yafe min tonon asirin. Na biyu, ka karɓi maganar da ya kamata in faɗa maka tun a motar Mafikeng, ko a safiyar nan da ka ce ba ta cizo. Karsana biyu ba su yi mata yawa ba. Ka ci ni, abokina, kuma ba ka tsaya ka ji ba.

Motsumi Raditsebe
Shoshong